Katunan da Ban Juya Ba

Ku da kuka dame ni da saƙo kuna tambayar yadda aka yi ban tafi Ostireliya ba alhali an riga an ɗaure akwati, to ku matso, yau zan faɗa. Wata Sandra daga Hull har cewa ta yi wai da gangan nake ja muku rai. Ba jan rai ba ne, 'yata. Shekarata saba'in da bakwai, da yatsa ɗaya nake danna wannan abin, kuma akwai wuraren da in na iso sai na tashi na ɗora ruwan shayi tukuna.

Ga wanda yau ne ya fara zama da mu, Noreen Askew nake a lokacin, ina da shekara ashirin da biyu, a garin Leeds na Ingila, cikin 1969. Babana ya rasu. Yayana Trevor ya shekara huɗu a Adelaide, can Ostireliya, yana aiki a wurin haɗa motoci. Saura ni da Mama a gidan haya, ɗaki biyu sama, biyu ƙasa, bayan gida a tsakar gida.

Makaranta tun ina sha biyar na bar ta, amma sai Allah ya kai ni aiki inda ake haɗa ƙamus, a bene na uku na wani ƙaramin kamfanin buga littattafai. Kada ku ɗauka cikin masana nake. Mu masu jera kati ne. Akwai mutane birjik a ƙasar nan masu son karatu, limaman coci, malaman da suka yi ritaya, matan da mazansu suka mutu, waɗanda in suna karanta littafi suka ga kalma ta zauna daram a jimla, sai su kwafe jimlar a 'yar takarda mai girman tafin hannu, kalmar a sama, sunan littafin a ƙasa, su turo mana. Ba biyan su ake yi ba, sha'awa ce kawai. Mu kuma mu jera a durowa.

Teburina shi ne na kalmomin da muke kira masu gida biyu. Turancinmu cike yake da su. Kalma ɗaya, ko harafi ba a canza mata ba, a nan sunan abu ce, a can kuma aiki ce. Ka ɗauki water: ruwa ne, kuma ba shuka ruwa ne. Walk, tafiya ce, kuma takawar ce. Hand, hannu ne, kuma miƙa abu ne. Aikina in karanta jimlar in gane gidan da kalmar ta kwana. In suna ce, katin ya tafi ɗakin hagu, wurin Dakta Ellwood. In aiki ce, ɗakin dama, wurin Mista Birtles. Ni ban san manyan sunayen nahawu ba har gobe, kunnena ne yake gaya mini, kuma da wuya ya yi kuskure.

Shugabarmu Mis Pargeter ce, doguwa, siririya, gilashinta rataye da sarƙa a wuya. Ranar da na fara aiki doka ɗaya ta kafa mini.

“Mis Askew, kati fuska ɗaya gare shi. Mutane daga abin da suka samu a gida suke yankowa, takardar likita, wasiƙar ɗa, sammacin kotu. Gaban suka ba mu. Bayan nasu ne. Ba a juyawa.”

An ce ta taɓa sallamar wata yarinya don ta karanta bayan wani kati da ƙarfi ana dariya. Shekara bakwai na yi a teburin nan, har hannuna ya koyi dokar fiye da kaina. Ko kati ya faɗi a kife, ido a sama nake ɗauka in gyara shi.

Kowace shekara a watan Yuni kamfani kan gayyaci masu turo katin su zo shan shayi. A can na gan shi, a jikin bango, kofi a hannu ɗaya, hula a ɗaya, ya rasa inda zai sa biskit. Jaket ɗinsa ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Na duba takardar da aka maƙala masa a ƙirji: Clifford Raine.

“Kai ne C.R. mai rubutu kamar tururuwa ta jeru?” na ce. “Wallahi na ɗauka tsoho ne tukuf.”

“Nan da shekara arba'in zan zama, in kin yi haƙuri.”

Ya faɗa, sannan ya tsorata da kansa, har shayin ya zuba a faranti.

Ma'aikacin reluwe ne, mai ba jiragen ƙasa hanya, shi kaɗai a wani ɗakin katako can cikin tuddan Hollin Moor. Tsakanin jirgi da jirgi sai ya yi awa ba abin yi, shi ne yake karatu. Na ba shi labarin teburina, na yi ta zuba, ku kun san ni da baki.

“Duk katinka mai gida biyu ta hannuna yake bi,” na ce.

“Kina karantawa?”

“Tas. Ko ɗigo ba na tsallakewa.”

“In wasiƙa ce fa aka aiko?”

“Mis Pargeter ce ke buɗe duk ambulan da ya shigo. Har wanda ita ta aika wa kanta.”

Ya riƙa juya hularsa. Ni a raina cewa nake kunya ce. Ya raka ni har wurin tsayawar bas, bai ce komai ba sai da na ɗora ƙafa, sannan ya ce, “Zan rubuto miki.” Bas ta ja. Bai tambayi adireshin gida ba, ni kuma ban bayar ba, don a lokacin mace ba ta bayarwa sai an tambaya.

Na jira, 'ya'yana. Kullum da safe kunnena na kan ramin ƙofa da ake jefo wasiƙa. Ba abin da ke faɗowa sai wasiƙun Trevor masu shuɗin ambulan. A wurin aiki kuwa duk Litinin ƙunshin katunan Clifford na zuwa, an ɗaure da zare, kuma tun daga Yunin nan ba ya turo komai sai masu gida biyu. Har Dakta Ellwood ya leƙo wata rana ya ce, “Wannan Raine ɗin lafiyarsa kuwa? Sauran kalmomi sun yi masa laifi ne?” Na yi dariya tare da kowa. Ban yi tunanin komai ba. A'a, ƙarya nake, na yi. Na riƙa bin jimlolin ina neman ko ya ɓoye mini wani abu a ciki. Ranar da love, wato so, ta zo, na yi maza na karanta, ashe daga littafin kiwon tattabara ya kwafo.

Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Duk wanda ya turo kati, mukan aika masa da 'yar takardar godiya da aka riga aka buga. Ni nake rubuta adireshin. Nasa na haddace shi kamar sunana. Layi biyu da na ƙara a ƙasa, da an gama. Ban ƙara ba. Shi ya ce zai rubuto, to ya rubuto. Girman kai ne, ba wani suna da zan sa masa.

Mama kuwa tana nan tana aikinta. Za ta jingina hoton gidan Trevor a jikin tulun shayi, ga bishiyar lemun tsami a bayan gidan, ga jikokinta ba takalmi.

“Dubi, wurin wanka a cikin gida. Ruwan zafi daga famfo, Noreen.”

“Na gani, Mama.”

“Likita ya ce hayaƙin garin nan ne ke cin ƙirjina.”

“To ki tafi mana. Trevor ya ce ɗaki na nan.”

“In tafi in bar ki da wa? Ba inda za ni ba tare da ke ba.” Ta kurɓi shayi. “Mai jirgin naki ya rubuto?”

“Ba nawa ba ne.”

“Ai na ga alama.”

Haka take, ba ta ɗaga murya, amma in ta soka sai ka kwana biyu kana ji. Tarinta kuma ba na wasa ba ne, da safe sai ta riƙe ƙarfen gado. A watan Satumba na sa hannu a takardun tafiyarmu Ostireliya. Na gaya wa Mama don lafiyarta na yi. Rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin, so nake wata Litinin takardar godiya ta je masa da rubutun wata, ya tambaya, a ce ai Mis Askew ta tafi ƙarshen duniya.

Aka yi mana gwajin likita, aka ba mu rana: Alhamis ta farkon Nuwamba, jirgin ruwa daga Southampton. Mama ta sayar da gadaje, da kabad, da keken ɗinkinta. Muka koma kwana a katifa a ƙasa.

Juma'ar ƙarshe a wurin aiki ina koya wa wadda za ta gaje ni. Misis Okell sunanta, ta haura hamsin, kwandastar bas ce da, muryarta kamar har yanzu daga bayan mota take kira. Ƙunshin Clifford na wannan mako na ajiye don in gwada ta da shi. Na kwance zaren, na miƙa mata na sama.

“Karanta jimlar, ki gaya mini, hagu ko dama.”

Ta karanta, ta ɓata fuska, sai kawai ta juya katin kamar mai duba tikiti.

“Misis Okell, ba a juy...”

“Wace ce N?”

“Me?”

“An yi rubutu da fensir. N. Ko ke ce, 'yar nan?”

Na karɓa. Shekara bakwai, wannan ne karo na farko da idona ya sauka a bayan kati. Rubutun tururuwar nan ne, ƙanana, a jere.

“N. Na hamsin da bakwai. Na gane shirunki, kuma ban ga laifinki ba. Ba zan ƙara damun ki ba. Katuna za su ci gaba da zuwa, amma ba komai a bayansu. C.”

Ban san na zauna ba sai da na ji kujera. Hamsin da bakwai. Wata huɗu da rabi mutumin nan na yi mini magana, ni kuma ina karɓa da hannuna, in karanta gaba, in ce wannan hagu, wannan dama, in kai durowa in rufe. Ni na ce masa ina karantawa tas. Shi ina zai san dokarmu? A wurinsa takarda baki biyu gare ta, kamar ta kowa.

Sai ga ƙarar takalmin Mis Pargeter.

“Wa ya juya kati a ɗakin nan?”

“Ni,” in ji Misis Okell, “kuma in kin ba ni wani zan sake. Duba ki gani, yarinya na neman suma.”

Na miƙa mata. Ba ta karɓa ba, hannunta ma baya ta mayar.

“Ba nawa ba ne, Mis Askew. Naki ne?”

“Nawa ne. Na hamsin da bakwai ne.”

Ta cire gilashi, ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. 

“Katin da ya shiga durowa ba ya fita,” ta ce. “Kuma katuna sun fi dubu ɗari huɗu. Ko da an ce ki nema, a ina za ki fara?”

“Na san kalmominsa.”

“Duka?”

“Duka.”

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa, fuskata ta ɗau zafi. Misis Okell ta ce, “Allah sarki, yarinya ta kamu.”

Mis Pargeter ta zaro makulli daga aljihun siket. “Dakta Ellwood na fita cin abinci ƙarfe ɗaya. Na ɗakin dama kuwa ki haƙura. Tun da aka yi wa Mista Birtles tiyata ya sa aka kwashe masa durowarsa zuwa gidan 'yarsa a Scarborough, sai bayan Kirsimeti.”

Mu uku muka shiga ɗakin hagu. Ina kiran kalma, su suna jan durowa. Answer. Call. Light. Watch. Kowace kalma katuna hamsin, sittin, mu bi har mu ga C.R. a kusurwa. Mis Pargeter in ta samu, a fuskance take miƙo mini, ido a sama. Talatin muka samu. Sauran, rabin maganar mutumin, suna Scarborough, kuma ni da hannuna na raba su.

Na jera su a teburina bi da bi, da giɓi a tsakani.

Na ɗaya: “N. Ban iya magana ba, kin gani da idonki. A nan na fi iyawa. In kin ga wannan kuma bai ɓata miki rai ba, ki sa ɗan ɗigo a kusurwar takardar godiya. Ɗigo kawai.”

Sau ashirin na aika masa takardar nan, fara fat.

Na tara, labarin wani shaho ne da ke zama a kan sandar waya yana jiran jirgin ƙarfe uku ya tayar masa da ɓeraye. Na sha huɗu, tumaki sun hau layi, ya kore su da tutar aiki, rago ya bi shi har matakala. Na ashirin da biyu, mahaifiyarsa ta rasu yana sha biyu, yayarsa Edna ce ta riƙe shi, har yau ita ke duba ko ya wanke bayan kunne. Na talatin: “Yau ma ba ɗigo. Na ce wa kaina wataƙila alƙalaminki ne ya ƙare.” Ba wata kalmar soyayya irin ta fim a ciki, ko ɗaya. Mutum ne kawai yake ba ki ranarsa kaɗan kaɗan, yana jira.

Sai na arba'in da ɗaya: “Tambayar da na yi miki a na talatin da takwas ba wasa ba ce. Kwana uku na yi kafin in iya rubutawa. Eh ko a'a, duk zan ɗauka.”

Na duba. Talatin da bakwai na nan, talatin da tara na nan. Na tsakiyar babu.

“Aure ne,” in ji Misis Okell, tana leƙe ta kafaɗata. “Me namiji zai kwana uku a kai in ba aure ba? Nawa ma mako ya yi, kuma a ƙarshe ni na faɗa masa abin da zai ce.”

“A ɗakin nan ba ma yanke hukunci a kan katin da ba mu gani ba, Misis Okell,” in ji Mis Pargeter.

Ta tafi ofis, ta dawo da fararen katuna da alƙaluma uku. “Ƙamus gaban yake buƙata. Mu kwafe, sababbin su koma durowa. Tsofaffin ban san inda suka shiga ba.” Haka muka zauna har ƙarfe biyar muna kwafa. Da zan tafi ta miƙo mini hannu, kamar yadda take wa baƙi. Ban ƙara jin ta ambaci wannan rana ba har ta bar duniya.

A gida na tarar da Mama tana ninke labule.

“Gobe zan je wani wuri, Mama.”

“Gobe Anti Vera za ta zo ban kwana.”

“Zan dawo kafin duhu.”

Ta kalli jakar da na rungume. Ba ta tambaya ba. Ta ce, “Akwai kifi a tanda.”

Da safe na sa jan kot ɗin da aka saya mini don hawa jirgin ruwa, da safa mai kyau, da takalmi mai tsini. Ku ji sakarci, takalmi mai tsini zuwa Hollin Moor. Jirgin ƙasa biyu na hau, na sauka a wata 'yar tasha da ba kowa sai kyanwa, na bi gefen layin dogo mil biyu cikin taɓo, iska na neman tsige mini ɗankwali. Duk hanyar nan abu ɗaya nake juyawa. Sau ɗaya na taɓa ganin mutumin nan, awa biyu. A can kuma ga uwata, da tarinta, da katifa a ƙasa. Na ce wa kaina in na ga ɗakin zan san abin yi. Na hango shi, fari da kore, hayaƙi na fita ta sama, ban san komai ba. Ƙafata ce dai ba ta tsaya ba.

Na hau matakala na tura ƙofa. Ga murhun kwal, ga buta a kai, ga sandunan ƙarfe a jere suna sheƙi, ja da baƙi da shuɗi. Yana tsaye da tsumma a hannu. Tsumman ya faɗi.

“Mis Askew. Ba a shigowa nan.”

“Na sani. Mu ma a wurinmu ba a juya kati.”

Bai gane ba, sai da na yi masa bayani sau biyu. Na zazzage katunan a kan teburinsa. Ya ɗauki ɗaya, ya juya gaba, ya juya baya.

“Ko ɗaya ba ki gani ba?”

“Ko ɗaya, sai jiya.”

“Har na ragon?”

“Na ragon jiya na karanta. Na yi dariya, ina kuka.”

Ya zauna a kan akwatin kwal ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Har yau ban san dariya ce ko me ba.

Na ce in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. “Na talatin da takwas ban same shi ba, yana Scarborough. Amma na ga na arba'in da ɗaya. Na zo in ce eh.”

Ya ɗago. “Eh?”

“Eh, Clifford. Zan aure ka.”

Ja ya taso masa daga wuya har kunne. Ya buɗe baki, sai ƙararrawar bango ta kaɗa. Ya miƙe zumbur kamar an ja shi da igiya, ya danna amsa, ya ɗauki tsumma, ya ja sanda ɗaya, ya ja ta biyu, ya tsaya a taga ya ba ni baya. Jirgin kaya ne, na dutse, tarago kamar ba za su ƙare ba. Ɗakin na girgiza, butar na rawa a kan murhu, ni ina tsaye cikin jan kot, taɓo har idon sawu, na furta maganar da ba a mayarwa. Sai da ya ga fitilar ƙarshe ta wuce, ya sake danna ƙararrawa, ya rubuta lokaci a littafi, sannan ya juyo.

“Noreen,” ya ce, yana kallon tsumma, “a na talatin da takwas, tambayar ki na yi ko za ki zo shan shayi gidan yayata Edna wata Lahadi.”

'Ya'yana, da akwai rami a ɗakin nan da na shige.

“Shayi? Kwana uku ka yi a kan shayi?”

“Ba ki san Edna ba.”

Na juya zan fita, ya riga ni isa ƙofa. “Ɗaya tambayar tana nan. Na ajiye ta ne sai na ɗari.”

“Na ɗari! Clifford Raine, jirginmu Alhamis zai tashi.”

“Wane jirgi?”

Na gaya masa duka, Trevor, da ƙirjin Mama, da gadajen da aka sayar, har da dalilin da ya sa na sa hannu. Jan ya bar fuskarsa, ta koma fara. Ya laluba aljihu ya ciro fensir, wallahi, ya miƙa hannu yana neman farin kati a kan tebur. Na dafe hannun.

“Da baki.”

Ya faɗa da baki. Sai da ya fara sau uku, kuma ƙarshen bai fito sosai ba, amma na ji abin da nake buƙata. Ya ba ni shayi a murfin kwanon abincinsa, ya cusa jarida a takalmina, ya sa jirgin ƙarfe biyu ya ɗauke ni. A cikin jirgin ne murnar ta fara sauka, wani abu ya hau a madadinta.

Na iso gida da sauran haske. Anti Vera ta tafi, kofinta na kan taga. Mama na zaune a kan babban akwati a tsakiyar falo, an tamke shi da igiya, an rubuta sunanmu mu biyu da farin fenti. Ba ta kalli fuskata ba, takalmina ta kalla.

“Ya yi magana ke nan.”

“Tun Yuni yake yi, Mama. Ni ce ban duba ba.”

“Kuma kin amsa.”

“Na amsa.”

Agogon ma an sayar, ba abin da ke motsi a ɗakin. Ta yi tari, ta jira ya lafa.

“Gadon da na haife ki a kai na sayar, Noreen.”

“Na sani.”

“Ba ki sani ba. Sai nan gaba.”

Na ce mu fasa, mu zauna duka, mu sake sayen gado. Ta girgiza kai. “Ƙirjin nan ba zai kai wani sanyin a Leeds ba, ke ma kin sani. Zan tafi.” Ta sauka daga kan akwatin, ta durƙusa, ta fara kwance igiyar da farce. Na sunkuya in taya ta, ta ture hannuna. Ta riƙa ciro kayana ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan katifa, riguna, takalma, littattafai. Da ta gama nawa ba ta tsaya ba, ta ciro zannuwan gadonta masu kyau, na ranar aurenta, waɗanda ba a taɓa shimfiɗawa ba, ta ɗora a sama.

Sai da na shekara goma sha ɗaya kafin in sake ganin fuskar uwata. Ranar ban san haka ba, ita ina jin ta sani. Ta rufe akwatin, ya koma rabi, ta dafa shi ta miƙe.

“Ki kawo mini shi gobe da ƙarfe huɗu,” ta ce. “Kujera biyu suka rage a gidan nan. Shi a tsaye zai amsa.”